Rinar Ɗanasabe

Ku gyara zama, wannan na mutanen Funtuwa ne, kuma a bainar jama'a aka yi shi, don haka ba wanda zai ce an yi masa ƙari.

A kakar audugar da ta biyo bayan babban yajin aikin nan da ya game ƙasa, lokacin mulkin kai yana ɗanye, an yi wani mutum ana ce masa Ɗanasabe. Aikinsa a gidan gurzar auduga ba wani mai wuya ba ne. In an matse dila an ɗaure ta, shi ne zai ɗora mata wani fallen kwano da shi da kansa yake yanka wa hudar haruffa, ya tsoma buroshi a tawada ya goga, lamba ta fito. Shi ke nan aikin, daga safe har la'asar. Amma in ka same shi a teburin mai shayi sai ya gaya maka shi marubuci ne, rubutunsa jirgin ƙasa ke ɗauka zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa ya kai shi Ingila, Turawa na tsaitsaye a bakin teku suna jira su karanta. Alƙalami uku yake jerawa a aljihun gaba, biyu daga cikinsu murfi ne kawai.

Abu ɗaya ke cin ransa, kujerar sakataren ƙungiyar leburori. Wanda ke kanta shi ne Clement, akawun sito, ɗan mutanen Gabas ne amma a nan bayan tasha aka haife shi. Sakatare shi ke zama a teburi gefen shugaba, shi ke riƙe da hatimin ƙungiya, in ya yi gyaran murya a yi shiru. Ɗanasabe kuwa duk taro a kan dutse yake zama can baya, in ya ɗaga hannu sai a ce lokaci ya ƙure. An kuma tsayar cewa ranar da aka loda dilar ƙarshe ta bana za a sake zaɓe.

Kukan leburori a lokacin ɗaya ne. Akwai Alhaji Mati, ɗan kwangila, ƙaton mutum mai sanyin murya, shi ke kwaso manoma daga ƙauyukan Malumfashi da Danja in an gama girbi, su zo su yi dakon diloli zuwa taragai. Ba ya ba su hutun cin abinci. Salla kawai, ita ma yana tsaye da agogo a hannu. Clement ya sha rubuta masa takarda a kan haka. Alhaji yakan karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tambayi lafiyar iyali, ya sa ta ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai.

Ana nan sai injin matse dila ya lalace, kamfani ya aiko da wani Bature makaniki, dogo, ja kamar nunannen gauta, mutumin wata ƙasa can ƙuryar arewacin Turai da ake kira Norway, wadda a bakin Ɗanasabe ta koma Nowe. Ba wanda ya sa shi, Ɗanasabe ya ɗauki akwatin sifanonin Baturen ya riƙa bin sa. Turancin Baturen kaɗan ne, na Ɗanasabe bai kai nasa ba, don haka yawancin hirar da hannu aka yi ta. Wata rana da tsakar rana Baturen ya ga leburori na ta dako shi yana cin burodinsa, ya tambaya, aka nuna masa Alhaji Mati. Sai ya ba Ɗanasabe labari cewa a ƙasarsu, zamanin ubansa, ma'aikata sun yi wata jarida ta zane-zane, wadda aikinta ke nan yi wa masu kamfani ba'a. Ya zana wani mai tumbi da doguwar hula a bayan kwalin taba. Da ya zo faɗin sunanta ya rasa kalma, sai ya yi ƙugi irin na ƙwaro, ya mintsini Ɗanasabe a dantse. Ya ƙara da cewa ta yi wajen shekara ashirin sannan ta mutu.

Wannan na ƙarshen Ɗanasabe bai ɗauke shi ba, a nan bakin injin ya bar shi. Kafin magariba, a bakinsa, jaridar ta kori masu kamfani bakwai daga Nowe. Kafin Juma'a Sarkin Nowe da kansa ba ya karya kumallo sai an duba masa ko an zana shi.

A taron ƙungiya na gaba bai jira a ba shi dama ba, ya hau kan dutsen da yake zama. Ya ce zamanin takarda da "ranka ya daɗe" ya wuce, shi ya karɓo sirrin Turawan Nowe baki da baki. A ba shi izini ya buga jarida da sunan ƙungiya, in Alhaji Mati bai tako da ƙafarsa ya zo gaban ma'aikata ranar zaɓe ba, a canza masa suna. In kuwa ya zo, to kowa ya san inda zai kai hannunsa. Shugaban ƙungiya, wani tsohon lebura da kowa ke kira Baba, ya dubi Clement. Clement ya ce shi ba ya hana mutum gwada sa'arsa. Baba ya ce to, Allah ya taimaka, a sauko daga dutsen kada a faɗi.

Washegari Ɗanasabe ya nufi shagon Raufu mai hoto, Bayaraben da aka haifa a Funtuwa, wanda Hausarsa ta fi ta masu ita kaifi. Yana da wani injin buga takarda na juyawa da hannu, da shi yake buga katin biki. Ya saurari labarin duka yana goge gilashi, sannan ya tambayi sunan jaridar. Ɗanasabe ya yi masa ƙugin, ya nuna dantse.

"Sauro ke nan," in ji Raufu.

"Wane irin sauro? Turawa za su sa wa jarida sauro?"

"To zuma. Kawo in ga wurin." Ya duba da kyau. "Malam, wannan ai ya fi kama da kuɗin cizo."

Ɗanasabe ya fizge hannunsa ya ce rina ce, rina mai harbi ɗaya a kwana ana juyi, kuma daga yau a riƙa ce masa Edita.

Ya koma gida ya yanka sabon kwano, ya buga allo ya kafa a ƙofar zaurensa da manyan baƙaƙe: RINA. A KAWO NAN. Nufinsa duk mai ƙorafi a kan masu kamfani ya kawo. To, rubutu ba ya ɗaga murya ba ya sauke ta, kuma ranar kasuwa ce. Wani ɗan boko ya karanta wa matan ƙauye allon, kafin hantsi zauren ya cika da zannuwa da tsofaffin riguna. Matarsa Lauratu ta leƙo ta ga ana ta tarawa, ta kawo tabarma don kada su yi datti, ta koma ciki. Da ya dawo ya tarar da wata tsohuwa mai suna Inno, daga hanyar Danja, zaune a kan kayan tana jiran sa. Ta ce nata shuni take so mai duhu, irin wanda in an buga zai yi ƙyalli.

Ya ce, "Iya, ba rini ake yi a nan ba. Rina ce, mai harbi."

Inno ta ɗaga kai ta dubi rufin zauren, ta jawo zanenta. "To ka sa mata hayaƙi mana, ɗan nan. Kana da rina a zaure kake tara mutane?"

Bai gama da ita ba sai ga marina su uku, hannuwa baƙi ƙirin, sun zo a nuna musu ramin da ya haƙa da wanda ya ba shi izini. Sai da Lauratu ta fito ta rantse musu mijinta ko hularsa bai iya wankewa ba, sannan suka tafi.

Ranar bugu Raufu ya ce tawadarsa ta katin biki ce, ba ta isa jarida ba. Ɗanasabe ya ce wannan ba matsala, ya kawo galan na tawadar dila daga wurin aiki. Raufu ya shinshina ya ce anya wannan tana bushewa a takarda. Ɗanasabe ya ce tawadar da ke ƙetare teku ba ta goge ba ita ce takarda za ta gagara? Raufu ya ce shi juya hannu kawai aka ce ya yi, ya juya.

Zanen farko Alhaji Mati ne zaune a kan tulin diloli, da tumbi kamar randa, wuya ninki uku, kumatu na hawa kan kafaɗa. Kafin azahar ba ko ɗaya da ta rage. Ɗanasabe ya zaga gari yana gaya wa mutane ko a Nowe ba a taɓa sayar da fitowar farko haka ba. Abin da bai tsaya tambaya ba shi ne su wa suka saya. Adunni mai ƙosai ce ta kwashi rabi, masu tsiren bakin tasha suka raba sauran, don takardar ta fi ta buhun siminti laushi, ga ta da faɗi. Mai mai zafi ya haɗu da tawadar dila. Da la'asar rabin Funtuwa leɓe shuɗi, harshe shuɗi, har da malaman makaranta da ɗan sandan da ke tsaron ƙofar tasha. Mutum ya buɗe baki zai yi wa wani dariya, sai wancan ya nuna shi. Wasu suka sha kanwa, wasu suka nufi asibiti. Inno, wadda ta sayi ƙosai na hanya, ta biyo ta ƙofar gidan ta tsaya, ta zaro harshe ta nuna masa.

"Ka ce ba ka rini."

Wannan bai dame shi ba, Alhaji yake jira. Yana sa ran ko sammaci ko 'yan duka, har ya gaya wa Lauratu in aka kama shi kada ta yi kuka a gaban mutane. Ta ce ya kwantar da hankalinsa.

Abin da ya zo shi ne ƙwaryar goro, fari tas, da gaisuwa. Ɗan aiken ya ce Alhaji ya ga hoto ya ji daɗi, ya sa Raufu ya saka masa shi a gilashi, yanzu haka yana rataye a zaure, baƙi na shigowa suna cewa masha Allah, arziki ya zauna. Ya ce tun da yake ba a taɓa samun wanda ya gane girmansa irin haka ba. Gyara ɗaya ne, in za a sake, a ɗan ƙara tumbin ta gefen dama.

Ɗanasabe ya je ya shaida wa ƙungiya cewa tsoro ne, mutumin ya rikice har ya fara ba da toshiyar baki. Baba ya tambayi ina goron, a mayar. Ɗanasabe ya ce ai ya riga ya hallaka shi gaba ɗaya don kada ya zama fitina. Haƙoransa kuwa ja wur.

Fitowa ta biyu ya ce ba sauran wasa. Ya zana kura sanye da hular Alhaji da agogonsa, tana gwaguyar ƙashi. Raufu ya samo tawadar kirki, masu ƙosai suka yi fushi suka daina saye, sai jaridar ta faɗa hannun masu kallo. Nan gardama ta tashi a teburin mai shayi. Wani ya ce jaki ne, ga kunnuwa. Wani ya ce tunkiya ce mai ciwon baya. Wani mahauci ya juya takardar ƙasa ta koma sama ya ce in an riƙe ta haka, kaza ce. Ana cikin haka yaran Alhaji suka iso, babbansu ya duba sau ɗaya ya ce ku ba ku san zaki ba? Ga gashin wuya nan. Gashin wuyan kuwa tawada ce ta zube wa Ɗanasabe ya shafa da yatsa. Ba a kwana biyu ba maroƙan gari suka ɗauka, duk inda Alhaji ya gitta sai ka ji Zakin Gurza, ci ƙashi ka bar wa yara tsoka. Wani direbansa har ya sa aka kwafi dabbar a bayan motar ɗaukar auduga.

Ɗanasabe ya shiga kasuwa da kansa don ya gyara fahimta. Ya tsaya a tsakiyar 'yan hatsi ya ce kura ce, jama'a, kura. Da ya ga ba su gane ba sai ya durƙusa ya sauke ƙugu, ya yi ɗingishinta, ya ɗaga kai ya yi kukanta. Aka yi da'ira. Wata mai daddawa ta ce wayyo, ga shi da ƙuruciya, aljanin na kan tudu ne ko na ruwa? Wani mai magani ya ratso da kaskon turare ya kama shi ta wuya, sai da ya shaƙa sosai kafin ya samu ya kuɓuce.

A ta uku ya ce yanzu zai yi wanda ko makaho zai gane. Ya zana Alhaji a kan bayan leburori huɗu, suna rarrafe, shi yana riƙe da linzami. Leburorin ya tsotse su sarai, haƙarƙari a waje ana ƙirgawa, wuya kamar sillen kara. Don abin ya yi kama da gaske sai ya sa musu tsagen fuska irin na garuruwansu. To, Ɗanasabe bai iya zana hanci ba, bai iya zana ido ba, amma mutumin da ya shekara yana yanka layi a kwano ya iya tsage. Wannan karon kaɗai hannunsa ya faɗi gaskiya. Duk wanda ya duba ya san wane ne da wane.

Alhaji ya aiko a gaya masa ko hakimi ba a taɓa ɗauka haka ba, Allah ya yi albarka.

Ranar kasuwa ta zagayo, Ɗanasabe na zaune a ƙofar gida yana fifita da jaridarsa, sai ga wata doguwar mace ta sauke ƙaton akushi a gabansa. Sunanta Sabuwa, Bamagujiya ce daga wani ƙauye a bayan Malumfashi, matar Nomau, na gaba a cikin masu rarrafen. Ta ce takardar ta isa garinsu, an manna ta a gindin tsamiyar da ake shan burkutu, yanzu ko rijiya ta je sai a tambaye ta ko rumbunsu ya ƙone ne. Uwar mijinta ta daina amsa gaisuwarta. Ita da ke noma gonarta ta kanta, ita za a ce ta bar miji da yunwa?

Ɗanasabe ya fara yi mata bayanin cewa ramar ba tata ba ce, ta jari-hujja ce, haka ake yi a Nowe. Ta ce ba ta san matar ba, kuma Nomau bai taɓa cin tuwon wata Jari ba. Ta buɗe akushin. Tuwon dawa ne malmala shida, da miyar kuka ta sha daddawa da man shanu.

"Ci," in ji ta. "Ka ci a gaban mutane, ka faɗi ko mai cin wannan yana ramewa."

Maƙwabta sun riga sun fito. Ya ci biyu ya ce alhamdu lillahi, ya shaida. Ta ce Nomau huɗu yake ci kafin ya nemi ruwa. Ya ci huɗu. Yana cikin lasar hannu yana neman hanyar tashi, sai ya hango wasu mata uku sun shawo kwana a jere, kowacce da akushi a ka. Matan sauran ukun ne, mota ɗaya suka shigo.

Ya waiga cikin gida ya kira Lauratu da ƙaramar murya. Ta fito da buta ta ajiye masa, ta gaishe da baƙi, ta ce su yi haƙuri su bi layi, Edita ba ya ƙin aiki.

Sai da aka kama shi aka shigar da shi ɗaki. Ya yi kwanaki ba ya son jin ko warin kuka. Leburori kuwa suka daina gaishe shi, Nomau ya aiko a gaya masa in sun haɗu a bayan sito zai nuna masa haƙarƙari. Da ya samu ya fito, ya gaya wa Clement cewa duk wannan alama ce rina ta fara harbi. Clement ya ce ƙwarai, ta harbi kowa a garin nan in ban da mutum ɗaya.

Sai ga labari, ana gobe za a loda dilar ƙarshe, cewa Alhaji Mati ya ce zai zo taron ƙungiya da kansa.

Ɗanasabe ya warke nan take. Ya bi teburan shayi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya wa ya ce ba zai zo ba. Ya ce shi ba mai riƙo ba ne, in Alhaji ya durƙusa zai bar shi ya ɗan jima kaɗan sannan ya ce ya tashi. Ya je shagon Raufu ya ce a shirya na'ura, a ɗauke shi daidai lokacin da ake miƙa masa hatimi. A gida ya gaya wa Lauratu ta fara koyon tafiyar matar sakatare. Ta ce to, shi kuma ya koyi zaman, don kujerar tana da ƙafa ɗaya mai rawa, kowa ya sani.

Aka taru da la'asar a ƙarƙashin ɗorawar da ke bayan gidan gurza. Leburori sun cika wurin, auduga duk a gashin kansu, har da matan da suka kawo tuwo, da masu ƙosai, da marina, da duk wanda bakinsa ya taɓa yin shuɗi. Baba da Clement na teburi. Ɗanasabe ya ƙi dutsensa, ya tsaya a gaba ya harɗe hannuwa, alƙalumansa uku a jere.

Kalangu aka fara ji. Ɗanasabe ya ce wa na kusa da shi kiɗan saranda ke nan, haka ake yi. Motar Alhaji ta tsaya, maroƙa na biye da ita a guje suna Zakin Gurza. Ya fito cikin wata babbar riga mai aska takwas, ta sha bugu tana ɗaukar ido, faɗinta ya isa a yi wa amarya labule. Ya gaishe da Baba da girmamawa, ya gaishe da jama'a. Clement ya miƙa masa sabuwar takarda a kan hutun cin abinci, ya karɓa da hannu biyu ya ce za a duba.

Sannan ya juya ya ce shi godiya ta kawo shi. Da can iyakar sunansa Funtuwa da kewaye, yau har Dandume yara sun san shi, har wani kamfani ya neme shi ya kawo masa leburori baɗi, don sun ga hoton sun ce wannan shi ne mai riƙe mutane. Ya ce ya ga maroƙa iri-iri, na baka da na kiɗa, amma bai taɓa ganin na takarda ba sai a kan wannan yaro. Kuma shi ba a yi masa waƙa ya tafi da rigarsa a wuya.

Ɗanasabe ya buɗe baki zai ce shi ba maroƙi ba ne. Kafin kalmar ta fito Alhaji ya tuɓe rigar, yaransa biyu suka kama gefe da gefe suka ɗaga ta sama. Alhaji ya matso kamar zai gyara masa wuya, ya sunkuya daidai kunnensa, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Kurar nan ta yi kyau. Ƙafar baya ce kawai ka gajarta da yawa."

Aka sake masa rigar a ka.

Maroƙa suka ɗauki guɗa da kirari, kalangu ya ƙara wuta, shugabansu na faɗin sabon shiga ya yi goshi, a dai tuna da manya wajen rabo. Alhaji ya shiga mota da 'yar shara, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya tafi. A tsakiyar fili kuwa ba a ganin Ɗanasabe, sai tulin shadda tsaye yana motsi. Rigar an ɗinka ta ne don mutum uku irinsa, ga sitaci ya sa ta tauri kamar tabarma. Ya nemi wuya ya faɗa aljihu. Ya juya ya nemi hannu ya taka gindinta. Ana jin muryarsa can ciki yana cewa a dakata, akwai bayani.

Baba ya bari dariya ta lafa, ya buga teburi. Ya ce alkawari dai an cika, Alhaji ya tako da ƙafarsa, ba wanda zai ce bai gani ba. Saura na jama'a. Masu son Clement ya ci gaba su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar gonar gero, Nomau ya ɗaga biyu, Sabuwa ma da ba 'yar ƙungiya ba ta ɗaga, aka ce ta sauke ta ƙi.

Baba ya ce to, masu son Ɗanasabe.

Ba hannun da ya tashi. Baba mutum ne mai adalci, ya jira. Ya dubi gabas ya dubi yamma. Sannan ya dubi tulin shaddar ya ɗaga murya kaɗan.

"Ɗanasabe, har da kai ake nufi. In kana son kanka, ɗaga."

Tulin ya yi wani yunƙuri mai ƙarfi, ya juya sau biyu, ya tafi da baya, ya ci karo da dutsen nan na zama ya kife. Aka ga ƙura ta tashi. Can sai wani abu ya ɓullo ta wuyan rigar, ya miƙe sama sosai yana rawa, da takalmin roba a jikinsa. Daidai nan Raufu, wanda aka ce ya shirya, ya danna na'urarsa.

Baba ya daɗe yana duban abin. Ya karkata wajen Clement ya tambaye shi, tsakani da Allah, ko ana ƙirga wannan.

Clement ya gyara tabarau ya ce, "Baba, dokar ƙungiya hannu ta ce."

Baba ya ce to, a rubuta babu, a je a yi la'asar.